Reshen Wardi da Dokar Haƙƙin Mai Iri: Wa Ta Shafa a Kaduna, Wa Ta Ƙyale?

Da damina ta ɗauke a ƙarshen Oktoba, masu furen wardi a Kaduna kan ɗauko almakashi su yi wa shukarsu aski. Rassan da suka zubo ba kasafai ake kai su juji ba. Maƙwabciya ta roƙi biyu, mai gadi ya soka uku a leda, saura kuma mai sayar da fulawa a bakin titi ya kwashe, ya rene su, bayan wata uku ya jera su cikin hajarsa. Ta wannan hanya wardi ya bi gidajen Unguwar Rimi da Malali da Barnawa, ya shiga harabar makarantu da otal-otal, ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne.

Yanzu tambayar ta taso. Najeriya ta yi dokar da ta ba wanda ya ƙirƙiro sabon nau'in tsiro ikon hana wasu yaɗa shi ba da izininsa ba, kuma wardi na cikin tsirran da aka fi yi wa irin wannan rajista a duniya. Wasu sun ji labarin rabi da rabi har suna cewa dasa reshe ma ya zama laifi. Wasu kuma sun ce doka ce ta masara da shinkafa, ba ruwanta da fulawa. Duka ɓangarorin biyu sun kauce.

Abin da dokar ta ƙunsa

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Dokar Kare Nau'o'in Tsirrai hannu a watan Mayun 2021, kuma ofishin da ke aiwatar da ita yana ƙarƙashin hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, wato NASC. An gina ta ne a kan tsarin UPOV, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a birnin Paris a 1961, aka yi mata gyara na ƙarshe a 1991. Najeriya ta shiga ƙungiyar a watan Maris na 2025. Maƙwabciyarmu Nijar ta riga mu, ta hanyar OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin masu ƙirƙira ta ƙasashen Afirka galibi masu amfani da Faransanci, wadda ta shiga a 2014. Tushen abin kuwa yana komawa ga yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta wajabta wa ƙasashe mambobi su tanadi wata kariya ga sababbin nau'o'in tsirrai, amma ta bar wa kowace ƙasa zaɓin salon da za ta bi.

Dokar ba ta ba kowa mallakar wardi a matsayinsa na tsiro ba. Abin da ake wa rajista shi ne nau'i guda takamaimai, kuma sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya zama sabo, ya bambanta da duk wanda aka sani, 'ya'yansa su yi kama da juna, kuma kamanninsa su dore komai yawan yaɗa shi. Idan an ba da haƙƙin, yana ɗaukar shekara 20, ko 25 ga bishiyoyi da inabi. A cikin wannan wa'adi sai da izinin mai haƙƙi ake yaɗa nau'in domin kasuwa, ko sayar da shi, ko shigo da shi, ko fitar da shi waje, ko tara shi domin ɗaya daga cikin waɗannan. Abin yaɗawa a nan bai tsaya ga ƙwayar iri ba. Reshe da idon reshe duk suna ciki, kuma nan ne maganar ta iso ga mai wardi.

Abubuwa biyu ne suka rage wa dokar kaifi. Na farko, haƙƙin ba ya tsallaka iyaka. Kamfanin Jamus ko Holan da ya yi rajistar furensa a Turai ba shi da ta cewa a Kaduna sai ya nemi rajista a Najeriya an ba shi. Na biyu shi ne ma'anar sabo. Nau'in da aka riga aka sayar da yardar mai shi fiye da shekara ɗaya a cikin ƙasa, ko fiye da shekara huɗu a waje, ya wuce a kira shi sabo. Saboda haka tsofaffin wardin da suka cika duniya ba mai iya dawowa ya ɗaure su. Peace, wanda Francis Meilland na Faransa ya samar aka fitar da shi a Amurka a 1945, da Queen Elizabeth na 1954, da farin Iceberg na gidan Kordes a Jamus na 1958, da jan Mister Lincoln na 1964, duk sun zama na kowa da kowa.

Sannan dokar da kanta ta ware ayyuka uku da haƙƙin bai shafa ba: abin da mutum ya yi don kansa ba don kasuwa ba, abin da aka yi don gwaji, da amfani da nau'in wajen ƙirƙiro wani sabo. Wanda ya yanki reshe daga wardinsa ya dasa a ɗaya gefen tsakar gidansa yana cikin rukunin farko.

Me ya sa wardi ke tsakiyar wannan magana

Wardin zamani ba ya gadon uwarsa ta hanyar iri. Idan aka shuka ƙwaya goma daga fure ɗaya, za a samu tsirrai goma masu kamanni daban-daban, mafi yawansu ba su kai uwar kyau ba. Hanya ɗaya ta samun ainihin furen ita ce a ɗauki wani sashe na jikinsa, reshe ko ido, a raya shi. Wannan ya sa kowane Iceberg da ke duniya yau ɓallin tsiro ɗaya ne na 1958. Wannan kuma ya sa kwafar wardi ta fi kwafar kusan komai sauƙi: wuƙa da leda da ƙasa sun isa.

A ɗaya ɓangaren, samar da sabon nau'i aiki ne na shekara takwas zuwa goma. Manyan gidajen wardi kan shuka ƙwayoyi dubun dubata a shekara, su yi ta zubarwa har su tsira da 'yan ƙalilan. David Austin na Ingila ya shafe shekara 15 kafin ya nuna furensa Juliet a bikin furanni na Chelsea a 2006. Tun da daɗewa masu wannan sana'a ke kukan cewa su ke wahala wasu ke ci. Ba mamaki da Amurka ta yi dokar ba da haƙƙi a kan tsirrai a 1930, tsiron farko da ya samu takardar a 1931 wardi ne mai hawa, New Dawn.

Aski, aure da dashe

Domin a gane inda doka ta taɓa mai lambu, sai an san yadda aikin yake a ƙasa, kuma a nan akwai wani ruɗanin da ya girmi dokar. Mafi yawan shawarwarin da ake karantawa a intanet na ƙasashen sanyi ne, inda wardi ke zubar da ganye ya yi barci, a yi masa aski mai tsanani a Fabrairu ko Maris kafin ya farka. A Kaduna wardi ba ya barci. Wanda ya datse shi ƙasa-ƙasa a Maris ya miƙa sabon toho ga zafin bazara, lokacin da rana kan haura digiri 35, kuma sau da yawa reshen kan bushe daga bakin yankan ya yi ƙasa.

Masu wardi a yanayi irin namu sun rabu biyu. Masu rijiya ko burtsatse sun fi son aski bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kamar yadda ake yi a arewacin Indiya bayan damina. Hujjarsu ita ce fure kan fito mako shida zuwa takwas bayan aski, wato Disamba da Janairu, lokacin da sanyin daren hunturu ke sa furen ya yi girma, launinsa ya kama, ya kuma daɗe a kan reshe. Cutar baƙin tabo da ke kakkaɓe ganye a markar Agusta da Satumba ta lafa a lokacin. Sharaɗin kawai shi ne ban ruwa mai zurfi, a gindi ba a ganye ba, da lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, tare da sa ido a kan gara, domin ita ma tana son lulluɓin. Waɗanda ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa kuwa sun fi son su bari sai ruwan sama ya zauna a Mayu ko Yuni, su rage rassa kaɗan, damina ta yi musu ban ruwa. Suna samun tsiro mai ƙarfi, amma furen damina ƙarami ne, ruwa na lalata shi, kuma sabon yanka a cikin danshi ƙofa ce ga ruɓa. Wanda ke son fure na nunawa, lokacin farko ya fi masa. Wanda burinsa shukar ta rayu da ƙaramin kashe kuɗi, na biyun ma ba laifi. Wardin Jos da ake yabo ba wani sirri ne da shi ba illa tsayin ƙasa: Jos ta kai mita 1,200 sama da teku, kusan ninki biyu na Kaduna, don haka ta fi sanyi duk shekara.

Yadda ake yankan bai canza ba ko'ina. A cire matattun rassa da masu cuta da waɗanda ke goga juna, a buɗe tsakiyar shukar iska ta shiga, a yanka a karkace kimanin rabin santimita sama da idon da ke kallon waje. A nan ƙasar rage kashi ɗaya cikin uku na tsayi ya wadatar.

Daga rassan da aka yanke ake samun dashe. Reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20, wanda ya riga ya yi fure, idan aka cire ganyen ƙasa aka soka shi a yashi mai gauraye da taki a inuwa, yakan yi saiwa cikin mako huɗu zuwa takwas. Ɗaya hanyar ita ce aure, irin wanda aka sani a mangwaro da lemo: a ɓanɓaro ido ɗaya daga nau'in da ake so, a tsaga ɓawon wani wardi mai juriya, a cusa shi a ɗaure. Mai aure ya fi saurin girma da yawan fure, amma yana da tarkonsa. Gindin da aka ɗora a kai yakan fito da nasa toho daga ƙasan mahaɗar, mai ƙarfi da saurin tsawo, kuma idan ba a fizge shi daga tushe ba zai shanye abincin ya kashe na saman. Yawancin labaran da ake ji na "na sayi ja ya koma ƙaramin fari" daga nan suke. Ba mai sayarwa ne ya yi sihiri ba, gindin ne ya ci sarautar.

A idon doka, dashe da aure abu ɗaya ne, yaɗawa. Abin da ke raba halal da haram shi ne manufa da kuma nau'in. Don gida, ba matsala ko da nau'in na da rajista. Don kasuwa, ba matsala idan nau'in ba shi da rajista a Najeriya. Kyauta ga maƙwabci ita ce ke tsakiya. Bayanin da UPOV ke yi wa wannan sassauci ƙunci gare shi, ya fi karkata ga abin da mutum ya yi a lambunsa domin amfanin kansa, bai fito fili ya rufe wanda ke rabawa ba. A aikace dai ba a san masu haƙƙi da bin reshe biyu da aka miƙa ta katanga ba. Idonsu na kan wanda ke cika leda ɗari biyar.

Masu goyon baya da masu adawa

Gwamnati da kamfanonin iri na cewa ba mai kawo sabon nau'insa ƙasar da za a kwafe shi washegari. Misalin da suka fi kawowa shi ne Kenya, wadda ta shiga UPOV a 1999, kuma gonakin da ke kewayen tafkin Naivasha suka sa ta cikin manyan masu kai wa Turai furen wardi. Sun ƙara da cewa dokar na kare masu binciken gida, irin na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan, waɗanda a da ba su samun komai idan wani ya ɗauki aikinsu ya yi kasuwa da shi.

Masu adawa, ciki har da ƙungiyar kare muhalli ta HOMEF, na ganin tsarin UPOV na 1991 an ɗinka shi ne daidai jikin manyan kamfanonin Turai, ba ƙasar da yawancin manomanta ke ajiye iri suna musaya da juna ba. Sun nuna cewa Indiya, a dokarta ta 2001, ta fito fili ta bar wa manomi ikon ajiyewa da musaya har da sayar da iri muddin bai sa masa tambarin kamfani ba, kuma ba wanda ya kore ta daga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Game da Kenya kuwa, amsarsu ita ce noman fure a can ya girmi shigarta UPOV, kuma tsayin ƙasa da ruwan tafki da jiragen dakon kaya su ma sun taka rawa, sannan mafi yawan nau'o'in da ake nomawa na baƙi ne, ladar haƙƙin tana komawa waje.

Idan aka auna, damuwar masu adawa ta fi nauyi a kan abinci, inda musayar iri hanyar rayuwa ce. A kan wardi ba ta da wannan nauyin, tunda dubban tsofaffin nau'o'i a sake suke. Haka ita ma hujjar Kenya ba ta zauna daram a Kaduna ba, domin doka ba ta sauko da zafin Afrilu.

Wanda ke son ƙirƙiro nasa

Wannan shi ne ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, alhali shi ne ya fi buɗa wa ƙaramin mai lambu ƙofa. Dokar ta yarda a ɗauki ko da nau'i mai rajista a haɗa shi da wani domin fitar da sabo. Aikin hannu ne: kafin furen uwa ya buɗe a cire ganyen furen da zaren da ke ɗauke da garin namiji, washegari a shafa masa garin wani furen da buroshi, a rufe da takarda, a rataya alamar iyayen biyu. Idan barbarar ta kama, ɗan itacen kan nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Daga nan sai wahalar da ta keɓanta da mu: ƙwayar wardi ba ta son tsirowa sai ta sha sanyi mai danshi na wata biyu ko uku a kusan digiri 4. A Turai hunturu ke yin wannan kyauta. A Kaduna sai firji, firji kuma sai wuta.

Duk da haka filin a buɗe yake. Yawancin wardin kasuwa an zaɓe su ne domin yanayin Turai da Amurka ko domin rumfunan gilashi. Wardin da zai jure bazarar Arewa, ya tsallake baƙin tabon marka, ya kuma yi saiwa daga reshe ba sai da aure ba, abu ne da ba mai nemo mana shi daga waje.

Akwai togaciya ɗaya. Wani lokaci reshe guda a jikin wardi kan canza da kansa ya fito da wani launi, ko ya zama mai hawa, ko ya riƙa yin fure a kai a kai. New Dawn da aka ambata haka aka same shi. Idan irin wannan ya faru a jikin nau'in da ke da rajista, sabon yana rataye da na asali, ba a kasuwanci da shi sai da yardar mai haƙƙin farko.

Bayanin cewa wardi ba ya gadon uwarsa ta hanyar iri shi ne kuma amsar tallan da ke yawo a Facebook da WhatsApp na ƙwayar "shuɗin wardi" ko "mai launin bakan gizo". Wardi ba shi da sinadarin da ke ba fure launin shuɗi. Kamfanin Suntory na Japan ya yi shekaru yana sauya ƙwayoyin halitta kafin ya fitar da Applause kasuwa a 2009, shi ma ruwan malmo-malmo ne mai haske, ba shuɗi ba. Na bakan gizo kuwa farin fure ne aka tsaga karansa aka tsoma a rini.

Baje koli da matsalar suna

Ƙungiyoyin masu wardi sun tsufa. Ingila ta kafa tata a 1876, Amurka a 1892, tarayyarsu ta duniya kuma a 1968. Abin da ya fi fitowa fili a aikinsu shi ne gasar nuna fure, kuma alƙalancin ba na "wannan ya burge ni" ba ne. A ma'aunin ƙungiyar Amurka siffar fure na da maki 25 cikin 100, launi 20, kara da ganye 20, kaurin ganyen fure da sabuntarsa 15, daidaito 10, girma 10. Ana son furen ya buɗe rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, tsakiyarsa a tsaye. Mai shiga gasa kan cire ƙananan tohon gefe tun suna ƙanana domin ƙarfi ya tafi ga guda ɗaya, ya yanke shi da sassafe ya tsoma a ruwa. Idan wata ƙungiyar masu lambu a Kaduna za ta shirya irin wannan, lissafin aski ya nuna tsakiyar Disamba zuwa Janairu ne lokacinsa.

Amma kafin a zo ga maki, akwai ƙa'idar da ke fitar da mutum daga gasa tun daga ƙofa: fure mai sunan da ba nasa ba. Nan ne gasa da doka suka haɗu a kan rauni ɗaya. A bakin titin Kaduna ana sayar da wardi ne da launi, ja ko fari ko ruwan hoda, sai kuma "na Jos" ko "na waje". Sunan ya ɓace tun hannu na biyu. Wanda bai san sunan abin da yake renawa ba, ba zai iya shiga gasa da shi ba, ba zai iya sanin ko yana da rajista ba, ba zai kuma iya kare kansa ba idan aka ce yana da ita.

Sunan ma iri biyu ne. Akwai na rajista, wanda kan fara da haruffan gidan da ya samar da shi, kamar KORbin, akwai kuma na talla, Iceberg. Na farkon kowa na da ikon kiran furen da shi har abada. Na biyun yana iya zama alamar kasuwanci, wadda wata doka ce daban ke kula da ita, kuma ana iya sabunta ta ko bayan wa'adin haƙƙin tsiron ya ƙare. Aikin da ƙungiyar unguwa ko ta makaranta za ta iya yi ba tare da kuɗi ba shi ne littafi: wane nau'i, daga ina, wace shekara, mai aure ne ko dashe, yaya ya yi da bazara. Mai sabon nau'i kuma ya kula da teburin ciniki da ake kafawa a gefen baje koli. Nunawa kaɗai ba sayarwa ba ce, amma ranar da ya sayar da leda ta farko, ranar agogon shekara ɗaya na neman rajista ya fara bugawa.

Masu leda a bakin titi

Su ne dokar za ta iya taɓawa, kuma ba yau ba. Hajarsu ta yanzu galibi tsofaffin nau'o'i ce da suka daɗe suna yawo hannu da hannu. Canjin zai zo ne ranar da wani kamfani ya yi rajistar sabon nau'i a nan, ya ba wata gona lasisi, furen ya yi farin jini wajen masu adon biki da masu gina rukunin gidaje. Daga ranar, wanda ya sayi tukunya ɗaya ya mai da ita ɗari yana iya fuskantar ƙara. Mai saye zai ga farashi biyu, mai lakabi da tsada, da marar suna da araha, kuma manyan masu kwangilar ƙawata wurare za su fara neman rasit mai ɗauke da sunan nau'i.

Akwai kuma wata ƙa'idar da ta riga wannan doka, wadda aka fi takawa. Shigo da tsiro mai rai ko reshe daga waje yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS, da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Wannan ya haɗa da alhajin da ya ga wardin Ɗa'ifa mai ƙamshi ya naɗe reshe a jaka, da wanda ya yi oda ta intanet. Ko nau'in ya shekara ɗari ba shi da mai haƙƙi, jami'i a filin jirgi na da ikon karɓe shi, domin abin da yake dubawa ƙwari ne da cuta.